Jerin Fayilolin Sanarwa a Harshen C da Mas'alar Tsayuwa da Kai

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs da ke Amurka wajen 1972, kusan kowane fayil yana buɗewa da layukan #include, wato umarnin a kwafo rubutun wani fayil na sanarwa, mai ƙarewa da .h, a zuba shi daidai inda layin yake. Da yake kwamfaila, manhajar da ke juya rubutun zuwa umarnin na'ura, daga sama take karantawa zuwa ƙasa, wanda ya riga da wanda ya biyo baya ba ɗaya suke ba.

A nan ake cin karo da tsohuwar mas'alar masana falsafa, ta bambanci tsakanin abin da ke tsaye da kansa da wanda ba ya samuwa sai a jikin waninsa, kamar launi a jikin tufa. Fayil ɗin jpeglib.h, alal misali, yana ambaton FILE da size_t ba tare da ya sanar da su ba, don haka dole stdio.h, inda aka sanar da su, ya gabace shi; idan kuwa wani fayil ya shigo da stdio.h bisa katari, aiki zai tafi sumul, naƙasar ta ɓoye har ranar da wani ya sauya jerin. Ashe tafiyar aiki ba hujja ba ce ta ingancinsa.

Rob Pike, a wani rubutunsa na 1989, ya tafi a kan cewa kada fayil na sanarwa ya shigo da ɗan'uwansa, nauyin jerawa ya rataya a wuyan marubuci, shi ya sa a tsarin Plan 9 ake fara da u.h sannan libc.h. John Lakos kuwa, a littafinsa na 1996 kan C++, ya zaɓi kowane fayil ya fara da nasa na sanarwa, domin wanda babu kowa a gabansa ba shi da mai rufa masa asiri. Ra'ayi na biyun ya fi ƙarfi, saboda ya cire amanar daga ƙwaƙwalwar mutum, wadda mantuwa ke cinyewa, ya damƙa ta ga na'ura. Ma'aunin C na 1989 ma ya yarda a jera nasa fayilolin na sanarwa yadda aka ga dama.

Sai dai tsayuwa da kan ba cikakkiya ba ce, tunda _POSIX_C_SOURCE dole a ayyana shi kafin fayil na farko, kasancewar shi ke ƙayyade abin da sauran za su bayyana.