GIDAN DA MUTUM KE KWANA A CIKI: SHIN ANA SAYAR DA SHI DON BIYAN BASHI?



Duk wanda ya san yankinmu, daga Funtua zuwa Bakori, Ɗanja, Kafur har Malumfashi, ya san cewa noma a nan da bashi ake yin sa. Taki bashi, maganin feshi bashi, kuɗin tarakta da na 'yan ƙwadago bashi, sai kaka a biya. Idan masara ta yi kyau kuma ta yi daraja a kasuwar Dandume, kowa ya rabu da kowa lafiya. Idan farashi ya faɗi, ko 'yan bindiga suka hana zuwa gona, ko aka ɗauke wani a gidan aka nemi kuɗin fansa, sai a wayi gari magidanci ba shi da abin da ya rage sai gidan da iyalinsa ke ciki. A nan tambayar take: mai bin bashi yana da haƙƙin a sayar da gidan nan a biya shi, ko kuwa akwai iyakar da haƙƙinsa ke tsayawa?

Mu fara da abin da babu saɓani a kansa. Shari'a ta bambanta gidan zama da sauran dukiya. Babu zakka a kan gidan da kake ciki, ko da darajarsa ta kai miliyan ɗari. Malamai sun gina wannan a kan hadisin Bukhari da Muslim da ya ɗauke wa Musulmi zakka a kan dokin da yake hawa, suka ce haka duk abin da mutum ya riƙe don amfanin kansa yake. Buhunan masarar da ka ajiye don kasuwanci dukiya ce mai haɓaka, gidan haya yana kawo kuɗi, amma ɗakin da 'ya'yanka ke kwana ba ya haifar maka ko kwabo, sai ma ya ci kuɗin gyara duk damina. Idan Allah (SWT) bai ɗora haƙƙin talakawa a kansa ba, ya kamata hukuma ma ta yi hattara kafin ta ɗora nata.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. A 1979, lokacin Funtua da Malumfashi suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Dattawanmu suna tuna yadda ake sayar da akuya da hatsin ci don a biya harajin kai. Ko sabuwar dokar haraji ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, ta bar rangwamen da ake yi wa mutumin da ya sayar da gidan zamansa, ta kuma ƙara rangwame ga mai zaman haya: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Ma'aikaci ya san da wannan don ya nemi haƙƙinsa. Su kuma ƙananan hukumomi, da tsarin mulkin 1999 ya ba su ikon karɓar kuɗin gidaje, ina kira gare su da su raba gidan haya da shago daga gidan tsohuwa mai riƙon marayu.

To amma haraji mai sauƙi ne idan aka kwatanta da bashi, domin bashi haƙƙin bawa ne. Mai kuɗin nan shi ma da guminsa ya samu. Wataƙila ɗan kasuwa ne da ya karɓo taki daga wani dillali, shi ma ana bin sa. Annabi (SAW) ya kira jinkirin mai hali da zalunci, ya kuma sanar da mu cewa ko shahidi ba a yafe masa bashi. Saboda haka duk wanda ya ce a bar wa mai cin bashi gidansa kawai, ba tare da duba wanda ya ba shi ba, ya ɗauke zalunci daga wani ne ya ɗora wa wani.

Shi ya sa malamai suka yi saɓani. Imam Malik da Imam Shafi'i suna ganin idan alƙali ya tabbatar mutum ya karye, ana sayar da gidansa a biya masu bin sa, shi ya koma haya. Imam Ahmad da malaman Hanafiyya suna ganin ba a sayar da gidan da ba zai iya rayuwa sai da shi ba, domin matsayinsa ɗaya da tufafin jikinsa da abincin bakinsa. Mu a nan Malikiyya muke bi, kuma ba zan ɓoye muku abin da mazhabar ta faɗa ba. Sai dai ku lura da yadda ta faɗe shi. A Muhtasar na Shehu Halilu, ana bar wa wanda ya karye abincinsa da na iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai samu sauƙi, da tufafinsu. Dabbobi ake gaggauta sayarwa, gida da gona kuwa ana jinkirta su kamar wata biyu don a nemi farashi mai kyau. Kuma alƙali ne ke sayarwa. Ko dokar ƙasa ta aiwatar da hukunci ba ta yarda a taɓa gida ba sai an tabbatar kayan da ake iya ɗauka ba su isa ba, kuma da izinin kotu.

Ku kwatanta wannan da abin da muke yi. Mai bashi ya zo da 'yan sanda ko matasa, a zaunar da magidanci a zaure, a sa shi ya sa hannu a takarda, gidan miliyan takwas a karɓe shi a kan bashin miliyan uku, kuma sau da yawa mai bin bashin ne ke saye. Wani lokaci ma rabin bashin ruwa ne ya hau, wato riba. Babu mazhabar da ta halatta wannan.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kama da halin da muke ciki. Wani mutum ya sayi 'ya'yan itace, asara ta same shi, bashi ya yi masa yawa. Annabi (SAW) ya umarci mutane su taimaka masa da sadaka. Abin da aka tara bai kai ba, sai ya umarci masu bin sa su karɓi abin da ya samu su haƙura da haka. Kun ga matakin farko jama'a aka kira. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 60 a Suratut Tauba kuma ta sa masu bashi cikin mutum takwas da ake ba zakka. Yanzu a yankin da ake fitar da zakkar hatsi buhu-buhu duk kaka, ta yaya maƙwabci zai rasa gidansa saboda bashin taki, mu muna kallo?

Wani zai ce: Malam, idan aka hana taɓa gida, ai macuta za su ɓuya a bayansa, kuma babu wanda zai ƙara ba talaka bashi. Wannan magana tana da ƙarfi. A Amurka, jihar Texas ta fara kare gidan zama daga masu bin bashi tun 1839, Florida ma tana da irin wannan doka ba tare da iyakance darajar gidan ba, har aka riƙa samun masu zuba kuɗin mutane a katafaren gida don kada a taɓa su. Malamanmu sun riga sun toshe wannan ƙofa. Waɗanda suka ce a bar masa gida, gidan buƙata suke nufi. Mai gida biyu a sayar da ɗaya. Mai babban gida a sayar, a saya masa daidai shi, a biya mutane da ragowar. Wanda ya gina gidan da ainihin kuɗin da ya ranta, ko ya ba da shi jingina da hannunsa, ba shi da wannan kariya.

Abin da nake ganin ya fi kusa da manufar Shari'a ke nan: gidan buƙata ya zama abu na ƙarshe da ake taɓawa, bayan an duba sauran dukiya, an ba da lokaci, an nemi sulhu, an nemi zakka. Domin ba magidanci kaɗai ke cikin gidan ba. Akwai matar da Shari'a ta wajabta a ba ta mazauni, akwai yaran da ba su ci bashin kowa ba, wani lokaci da tsohuwar uwa. Kuma duk mun ga inda yaran da aka fitar daga gida suke ƙarewa.

Kai kuma mai neman bashi, ka ji tsoron Allah da takardar gidanka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kada ka jinginar da makwancin iyalinka don faɗaɗa gonar da ba ka da tabbacin za ka iya shigarta. Ku rubuta bashi, ku sa shaidu, ku faɗi ranar biya. Ka tuna idan ka mutu, sai an biya bashi kafin a raba gado, kuma marayunka ne za su fita daga gidan.

Kai mai bin bashi, haƙƙinka yana nan, babu mai musunsa. Ka je kotu ko wajen sulhu, ka karɓa kaɗan-kaɗan idan hali ya yi. Wanda ya saurara wa mai ƙunci, an yi masa alƙawarin inuwa ranar da babu wata inuwa sai ta Allah.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya rufa mana asiri a gidajenmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu. Wallahu a'alam.