Ido, lissafi da jinjirin watan azumi

Ranar 29 ga Sha'aban, ana sallame magariba mutane kan fito fili a garuruwan Arewa, wasu su hau tudu, wasu kan soro, kowa ya zuba ido yamma. Wanda ya ga jinjirin wata sai ya garzaya wurin dagaci ko hakimi, labari ya isa fadar sarki, daga can a sanar da Sakkwato. Kwamitin duban wata ya tantance, sannan Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya yi sanarwa. Kafin nan liman bai san ko zai ja asham ba, uwargida ma ba ta san ko za ta ɗora girkin sahur ba.

Tushen abin a fili yake. Annabi (SAW) ya rataya ɗaukar azumi da ajiye shi ga ganin wata, in kuma gajimare ya rufe sama a cika kwana talatin. Wata yana kammala zagayensa cikin kwana 29 da sa'a 12 da minti 44, shi ya sa watan Musulunci ba ya wuce 29 ko 30. Malikiyya, mazhabar da aka ginu a kanta a nan, ta nemi shaidar adalai biyu, ko jama'a mai yawan da ba za ta haɗu a kan ƙarya ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun karɓi adali ɗaya a shigar Ramadan.

Saɓani tsakanin garuruwa kuwa tun zamanin sahabbai ake yin sa. Imam Muslim ya ruwaito labarin Kuraib, wanda ya ga wata a Sham daren Juma'a, ya dawo Madina ya tarar su sai daren Asabar suka gani, kuma Ibn Abbas bai koma ga ganin mutanen Sham ba. Saboda haka in Illela ta tashi da azumi, Ƙonni da ke tsallaken iyaka ba ta tashi da shi ba, wannan kaɗai ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Kowa yana bin shugabanninsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ido yana kuskure, har idon mutumin kirki. Hazo, siririn gajimare, hayaƙin jirgin sama da hasken rana ya taɓa, ko tauraruwar Zara, duk suna iya ruɗar mai ɗokin azumi. Masana falaki ba su da tabbataccen rahoton wanda ya ga jinjirin wata da ido zalla kafin ya cika sa'a 15 da haihuwa. Ranar Litinin 8 ga Afrilun 2024 aka yi husufin rana wanda ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada, kuma husufin rana shi ne daidai lokacin haihuwar wata. Duk da haka Nijar da Mali suka yi ƙaramar sallah washegari Talata, Najeriya da Saudiyya suka cika talatin suka yi Laraba.

Magabata sun tattauna wannan tun da daɗewa. Taƙiyyuddin as-Subki, babban malamin Shafi'iyya na ƙarni na 14, ya ce in lissafi tabbatacce ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin ba a shaida a kan abin da ba ya yiwuwa. A 1939 malamin hadisin Masar, Ahmad Shakir, ya zarce nan, ya halatta dogaro da lissafi gaba ɗaya. Turkiyya a kan lissafi take, haka ƙungiyar Muhammadiyya ta Indunusiya, yayin da takwararta ta can, Nahdatul Ulama, ke fita duba.

Matsayar Subki ce ta fi dacewa da mu. Ba ta ture ganin ido da hadisi ya ambata ba, sai dai ta kare ibadar miliyoyin mutane daga kuskuren mutum biyu. Abin da take nema bai fi ƙarfin kowace masarauta ba: a san tun da rana ƙarfe nawa wata zai faɗi a garin, sannan a zaunar da mai shaida cikin mutunci a tambaye shi lokacin da ya gani, ta wane gefen mafaɗar rana, da inda ƙahonnin watan suka fuskanta, kafin a buga waya Sakkwato.