Reshe Ba Ya Raina Saiwa

Ya mai karatu, kila tun daga Tasawa har Mayahi ba ka taɓa yin ido biyu da Bayahude ba. Amma ka sha jin sunan a kasuwa. In mutum ya cika wuyar sha'ani, sai a ce da shi Bayahude. Kila kai ma ka taɓa faɗi. To, ya kamata mai bin Yesu ya mai da sunan nan abin zagi?

Ka tuna daga inda bishara ta fito. Ubangiji Yesu Bayahude ne bisa ga jiki, daga zuriyar Dawuda. Maryamu Bayahudiya ce. Bitrus, Yahaya da Bulus duk Yahudawa ne. Ikilisiya ta fari a Urushalima ta Yahudawa ce. Mu Al'ummai daga baya aka shigo da mu.

Ka san auren itace. Akan yanko reshen mangwaro, a ɗaura shi a jikin wani mai saiwa. Reshen ya yi 'ya'ya, amma ruwan da yake sha daga saiwa yake hawowa. A Romawa sura 11 Bulus ya ba da irin wannan misali da zaitun. Mu ne reshen jeji da aka ɗaura. Reshen da ya raina saiwa, kansa ya cuta.

Amma masu amsa sunan Kirista sun sha yin wannan raini. A 1492 sarakunan Spaniya suka kori duk Bayahuden da ya ƙi baftisma. A zamanin Hitila, kafin ƙarshen yaƙi a 1945, an hallaka Yahudawa wajen miliyan 6 a Turai, masu bi da yawa kuwa suka yi shiru. Saboda haka Bayahude da dama, in ya ga gicciye, tsoro yake tunawa. Wanda ya taɓa ƙona rumbun maƙwabcinsa, ba ya zuwa masa da wa'azi sai da kunya da neman gafara.

To, mu yi shiru ke nan? A'a. Wanda ya sami rijiya ba ya ɓoye ta ga masu gidan da suka haƙa. Sai dai shaida ba tilas ba ce. Ko maƙwabci ya karɓa ko ya ƙi, ƙauna bashi ce a wuyanmu.

Kada kuma ka ce Allah ya gama da su. Tun 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka koyi sassaben zamani: kututturen da ake zato ya mutu, in an bar tohonsa, sai ya zama itace. Haka Samuel Schereschewsky, Bayahude da aka haifa a Lituwaniya a 1831. Ya karanta Sabon Alkawari da Ibrananci, ya gaskata Yesu ne Almasihu, ya zama bishop a Shanghai. A 1881 jikinsa ya shanye, duk da haka ya ci gaba da juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Sin, yana buga keken rubutu da ɗan yatsa. Yau ma akwai Yahudawa masu bin Yesu a Isra'ila da Amurka. Waɗansunsu danginsu sun juya musu baya, wahalar da waɗansu 'yan'uwa a ƙauyukanmu suka sani sarai.

Me za ka yi? Ka tsare bakinka, ka kwaɓi yaronka in ya yi zagi da sunan nan. Daren yau ka tara iyalinka, ku karanta Romawa 11, ku yi addu'a domin Yahudawa da maƙwabtansu duka, Allah ya ba su salama, ya ba mu tawali'u. Amin.