TSIBIRI SHIDA A KWANA SHIDA: HUTUN WANE NE?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, kwanakin baya kun ji ni shiru, har wasu suka turo saƙo suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Iyali na ɗauka muka je Zanzibar. Na dawo da wata tambaya da nake so mu duba tare: idan kwanakin mutum kaɗan ne, abin da yake son gani kuma da yawa, ga shi ba shi kaɗai yake tafe ba, da mudun wa zai auna tafiyar?

Ga yadda abin ya faro. Lokacin da muke karatu a Khartum ina da aboki ɗan tsibirin Pemba, shekara uku muna ɗaki ɗaya. Tun a lokacin yake ce mini sai na zo na ga ƙasarsu. Bara ni da uwargida muka fara tara ɗan abin da ya samu, ita ma ta zuba kuɗin adashinta a ciki. Kwamitin masallaci ya ba ni kwana takwas, na'ibi ya riƙe limanci. In aka cire zuwa da dawowa ta Addis Ababa, kwana shida suka rage mana a can. Mu biyar ne: ni, ita, yarinya 'yar shekara takwas, yaro ɗan shekara huɗu, da na goye.

Ga wanda bai sani ba, Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, waɗanda suka haɗu da Tanganyika a 1964 aka samu ƙasar Tanzaniya. Manya guda biyu ne. Akwai Unguja, inda tsohon birnin nan na duwatsu yake, wato Stone Town. Sai Pemba a arewa da shi, wanda Larabawa suka yi wa laƙabi da koren tsibiri, ƙasar kanumfari. A kewayensu kuma ga ƙanana birjik.

Sai na zauna da taswira na tsara jadawali kamar na jarrabawa. Unguja, Changuu, Chumbe, Tumbatu, Pemba, sai ɗan ƙaramin tsibirin Misali a gefen Pemba. Tsibiri shida a kwana shida. Wallahi na ji daɗin kaina ranar, ina ganin na ci ribar kowane kwabo. Na miƙa wa uwargida takardar ina jiran yabo.

Ta karanta har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, na ga ranar Changuu, na ga ranar Pemba. Ina ranar da zan zauna?"

Na ce, "Haba, ai duka hutu ne."

Ta ce, "A wurinka dai. Kai waya da littafi za ka riƙe. Ni kuwa kullum da asuba in naɗe kayan mutum biyar, in goya wannan, in riƙe hannun wancan a bakin ruwa, da dare in kwance kayan a wani ɗakin. Ai aikin gida ne ka ɗauko mini ka kai teku."

Na so in yi musu, amma da na sake duba takardar sai na ga ban rubuta sunan kowa a cikinta ba sai sunayen wurare.

Bari in faɗa muku abin da taswira ba ta nunawa. A kan takarda, tsakanin tsibiri da tsibiri ɗan layi ne. A zahiri kuwa duk ƙaura guda tana cin rabin yini ko fiye. Haɗa kaya, neman mota zuwa tasha, layin tikiti, jiran jirgi, tsallakawar kanta, wata motar a can, sannan masauki ya ce maka ɗaki bai shirya ba sai bayan azahar. Daga Unguja zuwa Pemba jirgin sama kamar rabin awa ne, amma kuɗin kujerun iyali guda ba wasa ba ne. Jirgin ruwa kuma awoyi ne a kan teku mai igiya, musamman a watannin da iskar kudu take kaɗawa, wadda mutanen can suke kira kusi. Teku ba ta san jadawalinka ba. Tana cikowa ta janye sau biyu a yini, a gabar gabas ma takan ja da baya sosai har ka ga mata sun shiga suna aikin gonakinsu na ciyawar teku a inda ɗazu ruwa ne. Kuma mai gaggawa shi ne yake hawa duk jirgin da ya samu. A watan Satumba na 2011 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, rayuka masu yawa suka salwanta. Allah Ya jiƙan su. Uban da ya ɗaure kansa da jadawali, in ya ga jirgi ya cika maƙil, da wuya ya iya cewa a bari sai gobe, tunda gobensa ma ya riga ya sayar da ita.

To a nan ne na fara tuhumar kaina. Me ya sa nake son shida? Da na bincika zuciyata da gaske, amsa biyu na samu, kuma babu mai daɗin ji a cikinsu. Ta farko tsoron asara: an kashe kuɗi, wataƙila ba za a sake zuwa ba, don haka a kwashi duk abin da za a iya kwasa. Ta biyu ta fi muni: ina son in dawo in ce na taka tsibiri shida, in saka hotuna a nan ku gani. Mun saba yi wa mutane wa'azi a kan haɗamar dukiya da ta abinci. Ashe akwai haɗamar ido, kuma ita takan zo sanye da rigar mutunci. Sai ta ce maka neman ilimi kake, ko amfani da dama kake, alhali dai cika cikin nan ne da muka sani, aka sauya masa kwano.

Abin da ya fi kunyata ni shi ne, hukuncin wannan mas'ala ina aiki da shi sau biyar kullum. Duk limami ya san an umarce shi ya sassauta salla saboda a bayansa akwai tsoho, da marar lafiya, da mai uzuri. Mun karanta yadda aka yi wa Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da shi, faɗa mai zafi da ya tsawaita wa mutanensa karatu. Mun karanta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa. Wannan fa a salla ke nan, abin da ya fi komai girma. Wato wanda yake gaba da ƙarfin na bayansa yake auna tafiya. Ni da nake gajarta sura a sallar isha saboda dattawan unguwa, ga ni na tsara wa mai goyo da ɗan shekara huɗu tafiyar da ƙato ma sai ya yi haki.

Akwai kuma wani abu a babin sallar matafiyi da ya ba ni haske, ba a matsayin fatawa ba, a matsayin darasi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, haka ma a Shafi'iyya da akasarin mutanen Zanzibar suke bi, matafiyi yana ƙasaru har sai ya yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu a wuri guda. A nan ne ake lissafa shi mazauni, ya cika sallarsa. Da na auna jadawalina da wannan, sai na ga babu inda za mu yi ko kwana uku a jere. Kenan daga fita har dawowa muna cikin hukuncin wanda shari'a ta tausaya wa saboda wahalar hanya. Ta yaya zan kira abin da ake yi wa rangwame saboda wahalarsa da sunan hutu?

Wani zai ce, Malam, ai an kwaɗaitar da mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga ayoyin Allah, yawan gani kuwa yawan izina ne. Na yarda da rabin farko. Amma izina tana buƙatar zama. Wanda yake duba agogo yana ƙirga yara kada jirgi ya tashi, me ya gani? Wani kuma zai ce kashe wannan kuɗi a zauna wuri ɗaya ai almubazzaranci ne. Ina ganin a duba me aka je saye. In wurare aka je ƙirgawa, to an yi asara. In kuwa an je ne don matar da ta shekara goma tana tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa ta samu ta miƙe ƙafa, to ranar da ba a je ko'ina ba ita ce ranar da kuɗin ya yi aikinsa.

Sai muka yaga takardar muka sake wata, wannan karon tare. Masauki ɗaya a Unguja daga sauka har tashi, a unguwar da ake jin kiran salla, nesa da gaɓar da masu yawon buɗe ido suke cika da shigar da ba ma son yara su gani. Fita ɗaya a yini, a dawo kafin la'asar. Tsibiri ɗaya kacal za a tsallaka, a je a dawo. Rana guda kuma aka bar ta babu komai.

Wannan ranar da aka bari ita ta cece mu. Na yi ciniki da mai kwale-kwale zai kai mu Changuu, ya ce "saa tatu". Na san tatu uku ne da Swahili, sai na ɗauka ƙarfe uku na rana. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, saa tatu ƙarfe tara na safe ne. Bawan Allah ya jira mu ya gaji ya tafi. Da a tsohon jadawalina ne, da ranar ta rushe ta ja ta bayanta, da kuma na huce haushina a kan waɗanda ba su ji ba su gani ba. Sai muka yi dariya, na ba shi haƙuri, muka tafi washegari. Tafiyar kamar rabin awa ce daga Stone Town. A can akwai ginin kurkuku na 1893 wanda ba a taɓa tsare fursuna a cikinsa ba, ya koma wurin killace masu cututtuka. Akwai kuma manyan kunkuru waɗanda asalinsu kyauta ce daga Seychelles a 1919. Ɗana ya tsuguna gaban wani yana kallonsa yana tauna ganye, ya fi rabin awa. Ya ɗago ya ce, "Abba, shi ba ya sauri?" Na ce ba ya yi. Ban ce masa ya tashi mu tafi ba, don babu inda za mu.

Kada in ɓoye muku, an yi rashi. Ban je Pemba ba. Mahaifin abokina, dattijon da ya shekara da shekaru yana sa mini albarka ta waya, ya so ya gan ni ido da ido, ni ma na so. Na kira na faɗi gaskiyar dalilina, na ji a muryar abokina cewa bai ji daɗi ba. Amma a rana ta biyar sai ga shi ya tsallako da kansa, da ƙunshin kanumfari daga dattijon. Ya raka mu Kizimkazi a kudancin Unguja, muka yi azahar a tsohon masallacin da yake ɗauke da rubutun Kufi mai shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Dattijon kuwa ta waya muka gaisa, kamar kullum. Ko Allah zai haɗa fuskokinmu a duniya, Shi Ya sani. Har yanzu abin yana taɓa ni. Sai dai na fahimci cewa duk wanda lokacinsa ya yi kaɗan dole ya bar wani abu, zaɓinsa kawai shi ne ya san me zai bari. Na gwammace in bar tsibiri da in bar haƙƙin waɗanda aka ba ni amanarsu.

Ɗan uwa magidanci, in Allah Ya hore maka ka fita da iyali, ko Zanzibar ne ko wani wuri, kafin ka biya kuɗin komai ka miƙa wa matarka takardar ka tambaye ta ina ranarta. Ka lissafa kowace ƙaura a matsayin rabin yini da ya tafi. Ka bar rana guda fili. Kuma ka tambayi ƙaramin cikinku da mai raunin cikinku kafin ka tambayi taswira.

A jirgin dawowa na tambayi uwargida wace rana ta fi mata daɗi. Ta ce ranar da kwale-kwale ya tafi ya bar mu, don ranar ta yi barcin rana, ni kuma na riƙe yara.

Allah Ya sa albarka a lokutanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyalanmu, Ya kai matafiya gida lafiya. Wallahu a'alam.