Ɗana, Kada Ka Saba da Birkin da Sai An Yi Masa Famfo

Ɗana, tunda Allah ya hore maka mota, ko da tsohuwa ce ta hannu, zauna mu yi maganar birki. Na ga yadda kake kula da fenti da ƙarar inji, ban kuma hana ka ba. Amma inji in ya lalace gefen titi zai ajiye ka, ka kira makanike a tsanake. Birki kuwa in ya ƙi, ba kai ne za ka zaɓi inda za ka tsaya ba.

Motocin da muke hawa yawancinsu sun ga jiya sun ga yau. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 har yanzu ana ganinta a hanyoyin ƙauye, Golf 3 da Carina E kuwa na shekarun 1990 ne. Ƙarfensu na iya zama da sauran ƙarfi, amma birki ba ƙarfe kaɗai ba ne. Akwai roba a cikin masta, akwai roba a cikin kalifa, tiyon da ke kai mai ga kowace taya shi ma roba ne, kuma roba tana tsufa ko mota na tafiya ko tana ajiye. Idan ka taka feda, masta ke tura man birki ta cikin fayif zuwa tayoyi huɗu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke isa taya gaba ɗaya. Iska kuwa tana matsuwa. Ka riƙe wannan, domin rabin matsalar birki a nan take.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne direban da za ka ji yana cewa, "Birkina lafiya lau, sai dai sai ka yi masa famfo sau biyu." Ya faɗa kamar wata ƙwarewa ce. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa guda. Takun farko da ya tafi a banza, kafin ka ɗaga ƙafa ka sake takawa, ka wuce wurin da yaro ɗan talla ya tsallako. Birkin da sai an yi masa famfo birki ne mara lafiya, kuma yana gaya maka inda ciwon yake in za ka saurara.

Ka tsayar da motar a fili, inji na aiki, ka ɗora ƙafa a kan feda ka danne da ƙarfi matsakaici, kada ka ƙara kada ka rage, ka ƙirga talatin. Birki mai lafiya zai sauka zuwa wani wuri ya tsaya cak. Idan ka ji tana sulalewa ƙasa a hankali a ƙarƙashin ƙafarka, to mai yana guduwa ta wani wuri. Buɗe bonet ka duba kwalbar mai. Idan ya ragu, yoyo ne, sai ka bi shi. Durƙusa ka leƙa bayan kowace taya, ka ga ko akwai jiƙa a cikin wili ko a ƙasan duram. Shafa tiyo da hannu. Bi fayif ɗin da ya ratsa ƙarƙashin mota, musamman a motocin da aka shigo da su daga Turai, inda gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ke cin ƙarfe. Idan ba ka ga ɗigo ko'ina ba amma mai na raguwa, sa a kwance masta a duba bayansa, domin yakan zuba man cikin busta, wannan baƙar tukunya da yake manne da ita, ya taru a can ba wanda ya gani. Idan kuwa mai bai ragu ba ko kaɗan amma feda na sulalewa, robobin cikin masta ne suka gaji, mai na zagaye su yana komawa baya. Irin wannan ya fi yaudara. In ka taka da sauri sai ya kama, in ka taka a hankali a cikin cunkoso sai ya tafi ƙasa. Kada ka bari a ce maka iska ce a yi ta bilidin, wato cire iska. Masta ne, a canza shi.

Iska nata alamun daban ne. Feda takan yi laushi, tana lotsawa, in ka yi famfo ta taso ta yi ƙarfi, in ka bar ta ɗan lokaci ta koma gidan jiya. A cire iskar, amma ka tambayi makanike ta ina ta shiga, domin ba ta shiga birkin da yake a rufe. Ko an bar kwalba ta ƙone, ko an kwance wani abu ba a yi bilidin da kyau ba, ko akwai yoyo. Haka nan tsohon tiyo yakan kumbura in an taka, ya shanye ƙarfin. Sa yaro ya danne feda kai kuma ka riƙe tiyon, za ka ji shi yana cika a tafin hannunka. Wani lokacin kuma fedar tana da ƙarfi, sai dai tana yin nisa kafin ta kama, birkin hannu shi ma sai ka ja shi har sama. Wannan galibi lainin baya ne ya ci ko ya nisanta da duram, gyaransa ba shi da tsada.

Akwai kuma akasin haka, feda ta yi tauri sai ka miƙe a kanta. Kashe inji ka taka sau huɗu ko biyar har ta ƙage, ka bar ƙafarka a kai, ka tayar da mota. Idan busta na aiki, fedar za ta ɗan sauka. Idan ba ta motsa ba, duba tiyon da ya taho daga inji zuwa busta, ko ya tsage ko ya zame. Kana iya jin huci a gindin feda. A motar dizal famfo ne na musamman ke yi wa busta aikin da inji ke yi, shi za a duba. Idan feda na bugun ƙafarka duk sanda ka taka da gudu, faifan gaba ne ya ci ba daidai ba, sai dai in motar na da ABS kuma ka taka da ƙarfi a kan santsi, wannan aikinsa yake yi, kada ka ɗaga ƙafa. Idan bayan gajeriyar tafiya wili ɗaya ya fi sauran zafi, mota na ja gefe, kalifa ce ta maƙale.

Yanzu maganar mai, wadda kusan kowa ke wasa da ita. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa kusan kashi huɗu cikin ɗari, yana iya tafasa a 155. DOT 3 yakan faɗo daga 205 zuwa 140. A cikin gari ba za ka lura ba. Ranar da ka ɗauki kaya ka biyo gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ƙafarka na kan birki tun daga sama, zafi zai kai ga man, ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. Bayan motar ta huce sai birki ya dawo kamar ba a yi ba, mutane su ce abin na Allah ne. Komai na Allah ne, amma man da ya shekara shida a kwalba har ya yi baƙi, sakaci ne. A zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. A gangara kuma ka sa ƙaramar giya tun kafin ka fara sauka, inji ya riƙe maka mota, kada ka sake ta a furi don tsimin fetur.

Ka duba murfin kwalba, an rubuta irin man da motarka ke sha. Saya a rufe, kada ka karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwa. Kada a zuba maka man giya ko man inji, domin suna kumbura robobin birki, duk su lalace. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a kan hanya yana tafasa da wuri, yana kuma sa tsatsa a ciki. Abin da ya fi wannan muni shi ne a toshe fayif ɗin tayar da ke yoyo da ƙusa, a ce "mu lallaɓa mu kai gida". Na sha ganin motar haya da ta yi watanni da wannan ƙusar, cike da mata da yara, direba ya ma manta da ita. Motar da taya uku ke kama birki, ranar da aka taka da ƙarfi juyawa take yi.

Na san kuɗi na wuya. Amma wanda ya shigo motarka ya ba ka amanar ransa, bai kuma san abin da ƙafarka ta sani ba. Idan makanike ya gama aiki, kada ka biya ka tafi. Shiga ka taka da kanka kafin motar ta motsa, domin bayan an sa sabon fad takun farko yakan tafi ƙasa, sannan ka gwada ta a hankali a wurin da babu mutane. Gobe da safe, kafin ka ɗauki kowa, yi wannan ƙirga talatin ɗin. Idan feda ta sulale, ajiye makulli ka kira makanike ya zo ya same ta a inda take. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.