Agogon Da Na Ɗauka Ya Lalace

Masu turo saƙo suna tambayar ina Malam ya shige kwana biyu, to ga ni, lafiya lau, ina Sarayebo, babban birnin Bosniya. Ni kaɗai na zo, ba ɗalibi mai riƙe jaka, ba ɗan rakiya. Kuma a Disamba na zo, tsakiyar sanyinsu.

Maganar sanyi kam a bar ta kawai. Wanda muke kira hunturu a gida, har mu naɗe kai muna jin ɗumi a teburin mai shayi, a nan wasan yara ne. Garin a cikin kwari yake, duwatsu sun yi masa zobe, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidaje fari fat. Hayaƙin itace da na kwal ya kwanta a kansa kamar hazonmu, sai dai wannan da ƙauri.

Amma abin da ya fara rikita ni lokaci ne. Rana ba ta fitowa sai bakwai ta gota. Azahar kafin sha biyu, la'asar wajen biyu, huɗu da 'yan mintuna an kira magariba, kafin shida isha ta shiga. Kana sallame wannan, waccan tana bakin ƙofa.

Bari in tona wa kaina asiri. Washegarin zuwana na yi asuba a ɗaki, na koma cikin bargo, ban farka ba sai da ɗaya ta wuce. Nan take zuciya ta kawo mini fatawa: ai kai matafiyi ne, ka haɗa azahar da la'asar, ka yi ƙasaru. Kuma gaskiya ce, rangwame ne daga Allah, kada wani ya ɗauki maganata ya je ya ce Malam ya hana. Sai dai ni na san abin da ya kwantar da ni. Gajiyar tafiya ta riga ta sake ni tun dare, ɗumin bargo ne kawai. Ni ɗin nan da kuka sani, mai hawa mumbari duk hunturu yana yi wa matasa faɗa a kan sahun asuba.

Kunya ce ta fito da ni. Na ratsa tsohuwar kasuwarsu, Bashcarshiya, maƙera jan ƙarfe suna ta ƙwanƙwasa, ƙamshin gasasshen nama da gahawa ko'ina, har na isa masallacin Gazi Husrev-beg. Wani gwamnan Daular Usmaniyya ne ya gina shi, aka kammala a 1531. Jama'a, ana kiran salla a wannan wuri tun kafin a haifi Shehu Ɗan Fodiyo da shekara sama da 200. A Turai fa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu rage yi wa nahiya guda kuɗin goro.

A gefen masallacin akwai doguwar hasumiya mai agogo. Na ɗaga kai na ga tara da rabi, na duba wayata na ga biyu saura minti ashirin. Har na yi murmushi, na ce ashe Turawa ma suna barin agogo ya lalace.

Ina tsaye a bakin wurin alwala na tsakar masallacin, ina kallon ruwan yana kallona, hannu ya ƙi fitowa daga aljihu, sai wani dattijo ya kama hannun rigata. Ba ya jin harshena, ba na jin nasa. Ya ja ni zuwa wani ɗakin alwala a gefe, mai ruwan ɗumi, wanda aka tanada saboda irin wannan lokaci. Na yi alwala, na yi azahar raka'a biyu a lungu, aka tada la'asar na bi liman na cika huɗu, tunda matafiyi in ya bi mazauni cikawa yake yi. Hanafawa ne, za ka ga 'yan bambance-bambance da yadda muka saba, amma alƙibla ɗaya, sahu ɗaya.

Bayan salla wani ɗalibin makarantar da ke tsallaken masallacin, mai jin Larabci, ya zama tafintanmu. Na yi tambayar agogo. Suka yi dariya. Ashe lafiyarsa ƙalau. An saita shi ne ya hau sha biyu daidai lokacin da rana ta faɗi, domin a lissafin Musulunci da magariba sabuwar rana take shiga. Tunda faɗuwar rana tana motsawa, akwai ma'aikaci na musamman da yake hawa hasumiyar yana daidaita shi. Wato tara da rabin da na raina tana gaya mini ne: saura awa biyu da rabi a naɗe takardar yau. Wayata tana ƙirga abin da ya shige, shi yana ƙirga abin da ya saura. Subhanallah. Ni kuma na ba bargo fiye da rabin yinin.

Dattijon ya ce mu hau tudu. Muka taka a hankali saboda santsi har maƙabartar Kobaci. Fararen duwatsun kabari jere a cikin farar ƙanƙara. Ka karanta shekarun rasuwa: 1992, 1993, 1994, 1995. Ka duba na haihuwa, da yawansu samari ne. Daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996 aka yi wa garin nan ƙawanya, ana ruwan wuta a kansa daga duwatsun da na yaba da kyansu jiya. Sama da mutum 11,000 aka kashe, har da yara. Ba wuta, ba ruwan famfo. Mutane suka ƙona kujeru da littattafansu don jin ɗumi.

Ya tsaya a kan wani kabari ya ɗaga hannu. Ɗalibin ya raɗa mini cewa ɗansa ne. Na tambaya yaya suke yi da alwala a waɗancan shekaru. Ya ce da jarka ake ɗebo ruwa daga nesa, ana sanɗa saboda maharba, a raba na sha da na girki, kofi guda ya rage na alwala, wani lokaci sai an fasa ƙanƙarar da ta daskare a samansa. Iyakar abin da ya faɗa kenan. Bai yi mini wa'azi ba, bai ma san ni mai wa'azi ba ne.

Muna nan aka fara kiran magariba, masallaci bayan masallaci, daga ƙasan kwarin har kan tuddai. Wayata ta ce huɗu da minti goma. Na san can ƙasa hannun agogon ya hau sha biyu.

Yau da asuba na fito cikin duhu. Sau biyu santsi ya kwashe ni, gwiwata har yanzu tana zogi. Da na shiga masallacin na tarar da shi a sahun farko, carbi a hannu. Ya ɗago ya gan ni, ya matsa ya ba ni wuri.