Dashen Itace Sadaka Ne, Kiyaye Shi Kuwa Amana Ce

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa daga sama, Mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata magana ce da ta taso a zaurena a nan Tafashiya, bayan mun tashi daga karatun dare. Muna zancen irin itatuwan da hukuma kan raba wa jama'a da faɗuwar damina, sai wani almajirina ya ce shi bai ga dalilin wannan wahala ba, tun da yake fari da ambaliya ƙaddara ce, dashen itace kuwa zancen 'yan boko ne. Na lura da yawa daga cikin waɗanda ke zaune sun gyaɗa kai. To, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, na ga ya kamata in ba da amsar a wannan fili.

Da farko dai mu dubi sunan garin nan. Tafashiya sunan itace ne, wanda kakanninmu ke magani da saiwarsa. Haka Rimi, haka Kurna da Dorayi a Kano. Yanzu a tambayi yaro ɗan shekara goma ya nuna tafashiya ko ɗorawa a bayan gari, a ga ko zai iya. Sunaye sun saura, masu sunan kuwa suna ƙarewa.

Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973, ni kaina ina yaro na ga na 1984, lokacin da gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai. A watan Yuli na 2018 kuma ruwa ya kwana yana zuba a Jibiya, ya ci fiye da mutum 40. Duk da izinin Allah suka auku. Amma fa Allah da Ya ƙaddara su Shi ne Ya sanar da mu, a aya ta 41 ta Suratur Rum, cewa aikin hannun mutane na jawo ɓarna a tudu da ruwa, domin su ɗanɗana su koma. Kuma da Annabi Yusufu, alaihis salam, ya san shekaru bakwai na fari suna tafe, bai naɗe hannu ba, sai ya tsara noma da ajiya. Sayyidina Umar ma, da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna wa sahabbai cewa guje wa cuta shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Saboda haka riƙon sababi ba ya warware tawakkali.

Game da itace kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi, ana rubuta masa ladan sadaka. Imamu Ahmad ya ruwaito umurnin a dasa abin da ke hannu ko da Alƙiyama na shirin tsayawa. Abu Dawuda ya kawo narko mai tsanani a kan mai sare magarya, ya kuma bayyana cewa ana nufin magaryar daji wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya. In har a fagen yaƙi an hana, ina ga wanda ya kwantar da tsohuwar ɗorawa a lokacin zaman lafiya domin buhunan gawayi?

Sa'an nan sai mu zo kan haƙƙin shugabanni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakan Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Wannan shi malaman fiƙihu ke kira hima, watau abin da muke ce wa gandun daji da makiyaya. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da masu sana'a, da gyaran hanyoyi da kasuwanni. Ashe ke nan kula da ƙasa aikin hukuma ne tun kafin zuwan Turawa.

A yau wannan nauyi ya fi faɗawa a kan ƙaramar hukuma, zama ita ce ke kusa da talaka. Tun gyaran 1976 da ya maye gurbin En'e aka kafa ta, Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ɗora mata kwashe shara, da gyaran magudanan ruwa, da sa hannu cikin raya aikin gona da albarkatun ƙasa. An yi ta ƙoƙari daga sama. A 1987 aka fara aikin dashen itatuwa na Katsina da taimakon Tarayyar Turai. A 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin kafa katangar itatuwa mai tsawon kilomita kusan 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. A ranar 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Amma ko wane irin kuɗi ya zo, itace ba ya girma a takardar ofis. Sau nawa muka ga an yi bikin dashe, an ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun cinye?

Don haka ina kira ga shugabannin Kankiya da Kusada da kansilolinsu, da su ji tsoron Allah cikin wannan amana. Kada a ƙirga abin da aka dasa, a ƙirga abin da ya rayu bayan rani biyu. A raya gandun renon itatuwa, a ba malaman daji abin aiki, a tsare burtali da makiyaya daga masu cinye su. A yashe kwatami kafin ruwa ya sauka, ba bayan katanga ta faɗi ba. Kuma kada a hana matar talaka itacen girki ba tare da an sama mata mafita ba, domin hani ba tare da madadi ba zalunci ne. A koya mata murhu mai cin itace kaɗan, a matsa wa masu lodin gawayi a mota.

Mu ma talakawa akwai darasi gare mu a maƙwabta. A ƙasar Maraɗi, bayan farin 1984, manoma suka soma abin da suke kira sassaben zamani, watau in kututture ya yi toho a gona ba a ƙone shi, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi, a datse sauran. Da wannan dabara, wadda ba ta bukatar ko kwabo, an kiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar. Kowa kuwa ya san gero ya fi kyau a gindin gawo, domin yakan zubar da ganyensa da damina ya zama taki, bai kuma tsare wa shuka rana ba.

A ƙarshe ina roƙon limamai su sa wannan a huɗuba, ko wace makarantar allo da Islamiyya kuma ta dasa bedi ko mangwaro, a kewaye shi da ƙaya, a riƙa zuba masa ruwan alwala. Almajirin nan nawa na ba shi guda biyu, na ce in ya sauke littafinsa zan tambaye shi labarinsu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya, Ya shiryi shugabanninmu. Amin. Wassalamu alaikum.